Kumfa Har Gwiwar Hannu

Ana sallame sallar asuba muka fito daga gida a Biu, ni da gwaggona da jarkoki huɗu na sabulun ruwa. Sammakon ma na banza ne, don an hana mota motsi sai gari ya waye tangaran. Haka muka zauna a tasha muna kallon direba yana shan shayi da burodi a hankali, kamar wanda aka biya musamman don ya ba mu haushi.

Bari in yi bayani saboda waɗanda ba su san gidanmu ba. Gwaggon nan ƙanwar babana ce. Mutanen daji ne suka kore su daga ƙauyensu ta wajen Damboa, ta iso mana da zane biyu da 'ya'ya uku, mijin kuwa har yau ba labari. Ɗakin da muke ajiye buhunan masara aka share mata, ita da yaran da ɓeraye. Ana nan sai wata ƙungiya ta zo ta koya wa matan gudun hijira haɗa sabulun ruwa na sati biyu. Sauran mata suka karɓi satifiket, aka ɗauke su hoto, kowa ta kama gabanta. Ita kuwa ta riƙe abin da gaske, duk unguwarmu yanzu nata ake wanke-wanke da shi. To wani ɗan layinmu da ke tuƙa tifa a Gombe ya haɗa ta da wani wajen wankin mota a unguwar Nasarawo da ke can, aka ce ta kawo a gwada. In ya yi, za a riƙa karɓa duk sati. In kuwa ana karɓa duk sati, Gwaggo za ta iya kama ɗakinta na haya ta fita daga cikin masara. Abin da ya fito da mu ke nan.

Duk Turancin da aka zuba musu a sati biyun nan, kalma ɗaya tak Gwaggo ta fito da ita: fom. Wai malamarsu ta ce fom ba ya wanke komai, ado ne, kada su ɓata kuɗinsu a kansa. Ni da na tsaya a aji uku na sakandare, duk a zatona katifa kaɗai ake kira haka. Tunda zaman jira muke, sai na buɗe ƙamus ɗin da ke cikin wayata na duba foam ɗin nan. Ashe kumfa ce kawai. Wai tarin ƙananan ƙwayoyin iska da ke taruwa a saman ruwa. Har da misalai suka jero: ta sabulu, ta bakin teku, ta saman giya, ta bakin doki idan ya sha gudu. Kuma in abu yana kan fitar da ita, sai su ce yana fomin. Na ce, "Gwaggo, ashe duk wannan kalmar taki iska ce ta sa farar riga." Ko kallona ba ta yi ba ta ce, "Kamar kai ke nan." Tun da safe an fara da ni.

Kuɗin mota ya ninka kan abin da na sani, kuma ɗan kamasho ya rantse jarkokin ba za su shiga but ba sai an biya musu kujera. Aka biya. Jarka ta zauna ta miƙe ƙafa, ni na maƙale a jikin ƙofa da rabin ɗuwawu. Hanya daga Biu zuwa Kwaya Kusar kuwa, duk wanda ya ce kwalta ce a kawo shi gabana. Rami ne da ɗan gutsuren kwalta a tsakani don tunawa da da. Ga shingaye. Kowane shinge kun san ƙa'ida: a sauka tun daga nesa, waya a aljihu, hannu sama, a taka a ƙasa har a wuce buhunan yashi, sannan mota ta biyo. Na daina ƙirgawa da kafaɗata ta fara ciwo. Akwai wani mai babbar riga a kujerar gaba, tun daga tasha yake cin gyaɗar Gwaggo yana ce mata Hajiya, yana ba mu labarin yadda ya san manya a Gombe.

Daf da gadar Dadin Kowa aka zo wajen. Wani mai kaki ya leƙa cikin mota ya ga jarkoki huɗu cike da koren ruwa mai kauri. Ya ja da baya taku biyu, ya gyara riƙon bindiga, ya ce, "Na waye wannan?" Jama'a, ku zo ku ga yadda mutum goma sha wani abu suka koma masu nazarin sararin sama. Mai babbar rigar nan, da gyaɗarmu a haƙorinsa, shi ne ya buɗe baki ya ce, "Dama sai da na ce kada a ɗauko su." Wallahi da ba hannuna a sama yake ba, da na san inda zan ajiye shi.

Na ce, "Oga, sabulu ne, a ba ni izini in nuna." Ya ce in buɗe a hankali. Na samu gorar ruwa da wani ya yar, na tsiyaya fiya wata rabin leda, na zuba sabulu murfi ɗaya, na toshe da babban yatsa na girgiza. Ina ɗaga yatsan kumfa ta yi tsalle ta wanke min riga da gemun da nake ta lallaɓawa. Mai kakin ya yi dariya har yana riƙe ciki, ya ce, "Madam, sabulunki na da kyau, ku wuce." Ni ban ga laifinsa ba, aikinsa yake, a wannan zamani ko tulun zoɓo abin tsoro ne. Mai babbar riga ne ban yafe wa ba. Muna komawa mota ya ce, "Ai na san sabulu ne, Hajiya." Gwaggo ta ɗaure bakin ledar gyaɗarta ta tura cikin jaka.

Dadin Kowa ƙamshin soyayyen kifi ya biyo mu har cikin mota, direba ya ƙi tsayawa. A Kwadon tumatir da albasa tsibi-tsibi a bakin titi, araha kamar a ce ɗauki ka tafi, nan ma ya ƙi. Amma da ya ga mai rake, sai ga birki ya samu.

Wajen sha ɗaya muka shiga Gombe. Garin ya cika ya tumbatsa, rabin mutanen da ke tashar namu ne na Barno, ko'ina ka juya Barbarci da Baburanci kake ji, kowa da ƙunshin kaya da idon wanda bai yi barci ba. Masu keke biyu suka ga jarkoki suka ce ba hanyarsu ba ce tun kafin mu faɗi inda za mu. Na uku ya yarda, amma sai da ya shinshina bakin kowace jarka ɗaya bayan ɗaya kamar mai sayen turare.

Wajen wankin motar babba ne, da rumfar kwano da benci inda masu motoci ke zama. Alhajin da ke da wurin ya yi tafiya, sai manajansa, wani ɗan gaye mai gilashi da ke juya makulli a yatsa, kana ganinsa ka san ya gama jami'a kuma yana so ka sani. Ya gaida Gwaggo da ladabi, ba zan yi masa ƙarya ba. Sannan ya ce a kawo bokiti.

Ga yadda suke gwada sabulu a wurin, ku saurara da kyau. A cika bokiti rabi da ruwan rijiyarsu, a zuba sabulu murfi ɗaya, a kaɗa da hannu da ƙarfi. Sai manaja ya naɗe hannun riga ya tsoma hannunsa a tsaye, 'yan yatsu na taɓa saman ruwa. In kumfa ta kai gwiwar hannu, sabulu ya ci. In ba ta kai ba, a sauka lafiya. Shi ke nan jarrabawar. Ba a wanke ko cokali.

Ya fara da nasu, wanda ake kawo musu daga Kano. Kumfa ta taso fara fat har ta rufe gwiwar. Aka zubar, aka zo kan namu. Na kaɗa da kaina, na kaɗa har kafaɗar nan mai ciwo ta yi ƙara. Sabulun da ɗazu ya yi min wanka a gaban bindiga, yanzu ya kwanta lumus. 'Yar kumfar da ta taso ko wuyan hannunsa ba ta rufe ba, kuma muna kallo ta mutu. Gwaggo ta leƙa bokitin ta sake leƙawa kamar wani abu nata ya faɗa ciki.

Manaja ya ce, "Mama, sai haƙuri. Ba fom."

Na ce, "Yallaɓai, wanki kuke yi a nan ko bikin kumfa? A ba ni mota."

Akwai wata Golf da ta fito daga ƙauye, taɓo har gilashi, ga baƙin mai a gefen ƙofa. Na ce a raba ta biyu, ɗaya daga cikin ma'aikatansa ya wanke dama da nasu, ni in wanke hagu da namu. Ya ce bismilla, yana murmushi. Na cire riga na shiga aiki. Da aka ɗauraye, na ciro farin hankicin Gwaggo na goga a ɓangarensu, ya fito da dusu-dusun baƙi. Na juya ɗaya gefen na goga a namu, fes. Na ɗaga masa a fuska. Shi kansa mai wankin dama sai da ya ce, "Kai, wannan ya ci mai."

Kun san abin da manajan nan ya yi? Ya kama kafaɗata ya juya ni wajen bencin. Wasu ma'aikatan gwamnati uku ne zaune, biyu na karanta jarida, ɗaya na danna waya. Ya ce, "Abokina, ka ga waɗancan? Babu wanda zai tashi ya shafa mota da hankici. Ɗago kai suke yi su duba. In suka ga motar ta lulluɓe fari fat, an yi aiki. In ba su gani ba, sai su ce mun ci kuɗin sabulu, gobe su tafi wajen na gaba."

Na zaro waya na buɗe masa ƙamus. Na ce, "Kai da ka yi jami'a, karanta da bakinka. Iska ce! Turawan da suka yi kalmar ma sun ce iska ce a saman ruwa!"

Ya karanta tsaf, ya miƙo min wayata, ya ce, "To iskar muke sayarwa."

Abin da ya fi ƙona min rai, gaskiya ya faɗa. Ya juya ga Gwaggo ya ce akwai maganin ƙara kumfa a babbar kasuwa wajen masu kemikal, in ta gyara kafin ƙarfe biyu yana nan, bayan haka zai kira na Kano ya ce su ci gaba. Motar ƙarshe ta Biu kuwa uku take tashi, don ba mai son yamma ta same shi a wannan hanyar.

Muka bar jarkokin a wurinsa, don ko giyar wake muka sha ba za mu tunkari ƙofar kasuwa da su ba. A ƙofar aka laluba ni har cikin hula, wata mata ta laluba Gwaggo. Kasuwar Gombe kuwa in ba ka san layi ba sai ka yini kana zagaye. Daga masu atamfa muka faɗa masu robobi, daga nan masu barkono suka sa mu atishawa, 'yan dako na ta "hanya, hanya" suna taka mu. Da ƙyar muka samu layin kemikal.

Shagon farko wani mai ƙiba ne zaune kan buhu. Gwaggo ta yi sallama ta ce tana son maganin fom. Hausar Gwaggo in ta buɗe baki ka san daga inda ta fito. Ya dube ta sama da ƙasa ya ce, "Daga ina?" Ta ce Biu. Ya ce, "Ya ƙare." Jama'a, buhun da yake zaune a kai shi ne abin. An rubuta a jiki, ni na karanta. Na ce, "Alhaji, to wannan da ke ƙarƙashinka fa, ƙwai ne kake kwanci a kai?" Ya ce shi ba ya sayar wa baƙi kemikal sai da takardar mai unguwa. Na ce wane mai unguwar, na ƙauyen da aka ƙone? Na ce matar nan da kake gani, waɗanda kake tsoron su ta gudo wa, a ƙafa, da goyo, yanzu kuma ita ce abin tsoron? Muryata ta hau. Ban ankara ba sai na ga mutane sun fara taruwa, ana cewa mene ne, su waye, daga ina. Wanda ya san kasuwa a shekarun nan ya san abin da ke biyo bayan wannan tambayar. Gwaggo ta kama kunnena, kunne fa, a gaban jama'a, da gemuna da komai, ta ja ni muka bar wurin. Ta ce, "In ka sa aka kashe mu, wa zai gaya wa babanka?"

A ƙarshen layin wata Kirista Batangaliya mai shagon robobi da kayan sabulu ta yafito mu. Ta ji duk abin da ya faru. Ba ta tambayi takarda ba. Ta ce wa Gwaggo, "'Yar'uwa, in za ki haɗa, me kike fara jiƙawa?" Gwaggo ta ce soda, tun daren jiya, a roba ba a ƙarfe ba. Ta ce, "Sinadarin salfonik fa?" Gwaggo ta ce shi daban ake dama shi, a zuba a hankali ana juyawa gefe ɗaya, in ka yi gaggawa ya guntse. Matar ta ce, "Mu ga hannunki." Gwaggo ta miƙa. Duk bakin faratanta soda ta cinye, tafin ya yi saɓa kamar bayan ƙadangare. Matar ta juya nata hannun ta nuna mata, iri ɗaya sak. Sai ta ɗauko mudu.

Ita ce ta warware mana abin da ya faru a bokiti. Ta ce ba laifin sabulun ba ne, ruwan rijiyoyin wasu unguwannin garin nan zartsi ne, yana kashe kumfa, shi ya sa duk mai sayar da sabulu a nan sai ya ninka maganin. Abin fari ne tsaba-tsaba kamar shinkafa. Ta ce a narka shi a ruwan zafi kafin a zuba. Sannan ta rage murya ta ce, "Amma kada ki kuskura ki bi hanyar Biu da farin abu a leda. Ki haɗa a can, ki ƙara wannan a nan." Gwaggo ta yi ta godiya har da ɗan durƙuso. Ni ma na yi, duk da bakina bai saba ba.

Biyu saura muka koma Nasarawo. Na roƙi ruwan zafi wajen mai shayin da ke gefen wurin, muka narka tsabar a roba. Gwaggo ta ɗauki robar. Ta ce, "Malamarmu ta ce wannan ɓarnar kuɗi ce." Na ce, "Malamarku tana da ɗakinta." Ta zuba. Muka juya da sanda, aka kawo bokiti, aka kaɗa. Kumfa ta taso, ta wuce gwiwar hannun manaja, ta jiƙa masa rigar da ya naɗe, ta zubo ƙasa tana bin takalminsa. Har mai jaridar nan ɗaya ya ɗago kai ya ce, "Wannan wane sabulu ne?"

Manaja ya ce, "Yauwa Mama, yanzu kika yi sabulu."

Yanzu! Sabulun da ya wanke Golf awa biyu da suka wuce, shi ne dai, ba abin da ya ƙaru sai iska. Na buɗe baki zan yi magana, Gwaggo ta ɗora ƙafarta kan tawa ta danna da duk nauyinta, tana yi wa manaja murmushi. Aka karɓi jarkoki huɗun, aka ce duk Laraba a kawo. Ragowar tsabar manaja ya kulle a kabad ɗin ofishinsa, tunda ba za ta bi mu hanya ba. Wato dole wani ya riƙa rako jarkokin nan kowane sati yana narka musu magani a Gombe. Gwaggo ta dube ni. Manaja ya dube ni. Ni ma na waiga ko akwai wani a bayana, babu.

Da gudu muka samu motar ƙarshe. Sai a lokacin muka tuna ba mu ci komai ba tun safe, na sayi masa da yaji a bakin tasha, ta yi sanyi, man ya daskare, amma muka cinye har da lasar leda. Komawa ba jarka, saboda haka a shingaye ba wanda ya ko kalle mu. Gwaggo ta yi barci tun daga Kwadon, kanta a kafaɗata mai ciwo, ban motsa ba har Kwaya Kusar.

Ana kiran magariba muka shiga Biu. Ba ta ma shiga gida ba, ta wuce bayan masallacinmu wajen wata tsohuwa da ke da ɗaki a rufe, ta ce a ajiye mata, ƙarshen wata za ta shigo. Na tsaya a waje ina jin muryarta, rabon da in ji ta da ƙarfi haka tun kafin ta zo garin nan.

Abin da na koyo a tafiyar nan, ban ji daɗin koyonsa ba. Mutane suna biyan abin da idonsu ya gani daga kan benci, kuma wanda ya yi aikin kirki sai ya ƙara ado a kai kafin a kula shi. Na kuma ga mai shagon da ya ji harshenmu ya zauna kan buhunsa, na ga matar da ba addininmu ɗaya ba ta duba hannu ta ɗauko mudu. Har yanzu raina a ɓace yake, kuma duk Laraba zai sake ɓaci a kan hanyar nan. Gwaggo dai ta yanke hukunci: na Gombe a sa masa magani, na gida ba za a sa ba. Saboda haka 'yan unguwa ku ji da kyau, duk wanda ya zo saye ya tambaye ni ko yana kumfa, wallahi da shi zan wanke masa baki ya ji da kansa.